Noti da Kusa a Zamanin Na'ura Mai Gina Kaya



Watakila wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da noti da kusa? Amsa ita ce, Bahaushe ya riga ni. Shi ne ya ari kalmar noti daga Ingilishi, ya mayar da ita tasa, har in ya ga mutum yana shirme sai ya ce notinsa ya kwance.

Kwanakin baya na raka wani ɗan'uwana Tsohuwar Panteka, nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, neman noti guda ɗaya tak na wani tsohon injin niƙa ƙirar Ingila. Muka wuni muna gwaji. Wanda ya shiga bai kama ba, wanda ya fara kamawa kuma sai ya cije a murɗi na biyu. Daga ƙarshe wani yaro ya sa ƙarfi da sufana, ya cinye haƙoran kusar baki ɗaya.

Dalilin wannan wahala tsoho ne. A da kowane maƙeri a Turai yana yanka haƙoran kusarsa yadda ya ga dama. Sai cikin 1841 Joseph Whitworth ya kawo ƙa'ida guda a Ingila, bisa awon inci, kusurwar haƙori digiri 55. Cikin 1864 William Sellers na Amurka ya fito da tasa mai digiri 60. Wannan saɓani ya wahalar da su ainun wajen gyaran kayan yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1949 Ingila da Amurka da Kanada suka daidaita. Yau mafi yawan duniya awon milimita take bi: kusar da ake kira M8 kaurinta milimita 8 ne, tsakanin haƙori da haƙori kuwa milimita 1.25. Mu nan mun gaji duka, na inci da na milimita, a zube cikin tire guda.

To, ga sabon al'amari. Akwai na'ura wadda take narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi hawa-hawa, kamar yadda magina suke ɗora tubali, har kaya ya tashi. Scott Crump ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1989, kuma da wa'adinta ya ƙare a 2009 sai na'urorin suka yi araha. Amma na'ura ba ta gina abin da ba a zana mata ba, zanen haƙoran kusa da hannu kuwa aiki ne mai cin rai. Nan ne zane mai bin awo ya shigo. Watau maimakon ka zana kusa, sai ka gaya wa kwamfuta kaurinta da tsawonta da tazarar haƙoranta, ita ta fitar da siffa. In ka sauya lamba ɗaya, sauran sassa su bi. Manhajoji irin su FreeCAD da OpenSCAD kyauta ne, kuma akwai 'yan ƙarin da ake liƙa musu masu ɗauke da ƙa'idojin noti da kusa a shirye.

Sai dai a yi hattara. Kowane hawa kaurinsa kamar milimita 0.2 ne, saboda haka ƙananan haƙora ba sa fita sosai, dole kuma a bar 'yar tazara tsakanin noti da kusa, in ba haka ba su cije. Tsakanin hawa da hawa nan ne raunin yake, nan take karyewa. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, tana fara laushi wajen digiri 60 na zafi. Ku tuna cikin mota a rufe a watan Afrilu. Marfin tanki, maƙallin fanka, gwajin awo kafin a kai wa mai injin yankan ƙarfe, duk ba laifi. Amma birki ko ƙafar mota, ko kusa kada a fara.

Abin da ya dame ni a matsayina na malamin harshe shi ne, yaron nan na Panteka ya fi yawancinmu sanin ƙarfe, amma manhajar da Ingilishi take magana. Ina roƙon sashenmu da injiniyoyi su zauna da masu sana'ar, a tattara kalmomin da suke amfani da su tukuna, kafin mu ƙago namu a ofis. Lambobi uku ne kawai ake tambayarsa, kauri da tsawo da tazara, kuma duka ukun ya san su da Hausa.