Daga Ranar Yaye Zuwa Ranar Ritaya: Jawabin Babban Baƙo a Taron Shekara-Shekara

 

  

Da aka nemi in yi magana a kan matakan rayuwar 'ya'yan garin nan da suka yi karatun jami'a, sai na ɗauko tsofaffin mujallun ƙungiya na bi su ɗaya bayan ɗaya. A kowace shekara akwai shafin taya murna: wane ya gama digiri, wance ta yi digiri na biyu, wane ya zama darakta, wane ya kai matsayin farfesa, su wane sun sauke farali. Na yi farin ciki ƙwarai da abin da na gani. Sai dai na lura da wani abu da ya sa jikina ya yi sanyi, wato shafin waɗanda suka yi ritaya da shafin ta'aziyya suna ƙara tsawo, alhali sunayen sababbin masu digiri da suka tashi a firamaren garin nan suna ƙara ƙaranci. Yawancin sunayen da ke cika shafin a yanzu na 'ya'yanmu ne da aka haifa a birni, suka yi makarantun kuɗi. A kan wannan nake son mu yi nazari a yau.

Yana da kyau mu tuna cewa ilmin jami'a a Arewa ba daɗaɗɗe ba ne. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, an kafa ta ne a 1921 domin horar da malaman makaranta. Sai a watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma a 1966 Farfesa Ishaya Audu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta. A 1975 aka kafa jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Jos, sannan a 1977 Kwalejin Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a. Ta waɗannan ƙofofi ne akasarin dattawan da ke zaune a sahun gaba suka bi.

Matakin farko a rayuwar ɗan jami'a shi ne ranar da ya sami gurbi. Mu da muka shiga a shekarun 1970 mun san wanda ya ɗauki nauyinmu. Gwamnatin jiha ke ba da tallafin karatu, abinci kuwa a kan rangwame ake sayar mana, har ta kai ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya jawo zanga-zangar ɗalibai ta 1978. Kafin nan kuma malamin firamare da ya tilasta wa iyayenmu su sake mu daga gona, da mahaifiyar da ta sayar da akuya ta yi mana guzuri, duk suna da kamasho a cikin takardar da muka karɓa ranar yaye. Dukiyar jama'a ce ta karantar da mu, har da harajin manoman da ba su taɓa taka harabar jami'a ba.

Mataki na biyu shi ne bautar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Gowon ta ƙirƙiro a 1973, sai kuma kama aiki. A wancan lokaci mai digiri kan shiga aikin gwamnati a mataki na 8, sau da yawa takardar kama aiki na jiran sa tun bai cire kakin bautar ƙasa ba. Tun daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, al'amura suka soma sauyawa. Yaron yau yana iya shafe shekaru yana yawo da takardunsa ofis-ofis, bayan yajin aikin malaman jami'a, irin na 2022 da ya ci wata takwas, ya riga ya ja masa tsaiko. Saboda haka bai kamata mu riƙa auna su da mudun zamaninmu muna ce musu raggaye ba.

Mataki na uku shi ne na aure da haihuwa da ƙarin girma. A nan ne da yawa daga cikinmu muka soma nisa da gida ba tare da mun ankara ba. Aka gina gida a birni, yara suka tashi ba su san unguwar kakanninsu ba, zuwa gida ya koma sai sallah, daga baya ma sai rasuwa. Mutum yana hawa daga mataki na 12 zuwa na 14, har ya kai na 17, amma rufin ajin da ya koyi baƙi da wasali a ciki yana yoyo. Ban cire kaina ba, domin na yi shekaru ina wucewa ta gaban tsohuwar makarantarmu ban tsaya na gai da hedimasta ba.

Mataki na huɗu shi ne ritaya, kuma ina roƙon a yi lissafin nan tare da ni. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan wanda ya kama aiki a 1990 ya cika wa'adinsa a 2025. 'Yan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, waɗanda aka haifa wajen 1970, za su cika 60 a 2030. Dokar 2012 ta ba farfesoshi damar kaiwa 70, amma su nawa gare mu? Nan da 'yan shekaru kaɗan duk wanda ya yi karatu a lokacin sauƙi zai bar ofis. Idan ba mu da masu hawowa daga baya, ranar da za a zauna rabon asibiti ko hanya ko guraben aiki ba za a sami mai ambaton sunan garin nan ba. Likitar mata kuwa, wadda iyayenmu da matanmu ke buƙata kullum, sai dai mu ci gaba da aro.

Ranka ya daɗe, ina da shawarwari huɗu. Na farko, ƙungiya ta buɗe rajistar duk masu digiri na garin nan, da abin da kowa ya karanta da inda yake aiki, domin yaron da ya gama bautar ƙasa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa neman shawara. Na biyu, duk wanda sunansa zai fito a shafin taya murna, ya ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar NECO ko fom ɗin JAMB na yaro ɗaya daga makarantar gwamnati ta garin nan, kuma a tabbatar rabin masu amfana mata ne. Na uku, mu da muka yi ritaya, musamman masana lissafi da kimiyya da Turanci, mu ware ko da mako biyu a kowane zangon karatu mu zo mu riƙe alli a sakandarenmu, domin da tsohuwar zuma ake magani. Na huɗu, reshen kowane birni ya naɗa mutum guda da zai riƙa sanar da ɗalibanmu hanyoyin tallafin karatu, har da rancen ɗalibai da dokar 2024 ta tanada, ya kuma taimaka musu wajen cike takardu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar mu jira gwamnati, kuma babu wanda ya fi ƙarfin albashi ko fansho. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma mu duka mun san inda muka yi wasiyya a kai mu idan ta Allah ta kasance. Ina fata a taron baɗi sakatare zai karanto mana sunayen yaran da aka biya wa jarrabawa, da sunayen waɗanda suka biya.

Ina taya duk waɗanda aka karrama a bana murna. Allah ya sanya albarka a karatu da aiki, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.