MAI CIKI DA BASHIN AZUMI

Matan ajin karatun manya na wani gari a karkarar Maradi sun gayyaci limamin garinsu. Da yawa cikinsu sun sha azumi a 2021 da 2022, da azumi ya faɗo cikin zafin watan Afrilu. Wasu har yanzu ba su rama ba. Ga abin da liman ya faɗa musu.

Ya ce mai ciki da ke da ƙarfinta sai ta yi azuminta. Amma in tana tsoron cuta ga kanta ko ga ɗan cikinta, shari'a ta yarda ta sha. In kuwa ta ga jiri mai tsanani, ko amai, ko ɗa ya rage motsi, har ana tsoron rasa rai, to sha ya zama dole. Ta sha ruwa, a kai ta likita. Jin kunyar uwar miji ko kishiya ba hujja ba ne.

Wata ta tambaya ko kaffarar kwana 60 ta hau kanta. Liman ya ce a'a. Kaffara ta wanda ya karya azumi da gangan ce, ba da uzuri ba. Mai ciki ramuwa kawai za ta yi. In ta sha kwana 12, ta rama 12. Tana iya rarraba su, ko da yake jerawa ta fi. Ba a ramuwa ran salla. Wannan shi ne sanannen zance a mazhabar Imamu Malik, kuma yana cikin littafin Risala. Malaman Shafi'iyya suna ƙara mata ciyarwa in don ɗan ta sha.

Hukuncin mai goyo dabam ne. In ta ji tsoro ga jaririnta, kuma babu wata mai ba shi nono, ko ya ƙi kama na wata, sai ta sha, ta rama, ta kuma ciyar. Mai jinin biƙi kuwa ba ta azumi sai ya ɗauke. Iyakarsa kwana 60.

Liman ya daɗe a kan maganar mudu, don a nan ake ruɗewa. Mudun Annabi ba tiyar kasuwa ba ne. Cikin tafin hannu biyu ne a haɗe, bai kai kilo 1 ba. Kowane kwana mudu 1 na hatsi ko dawa, a ba miskini 1.

Sai wata ta ce ciki da goyo sun bi ta a jere, wani azumin ya iske ta da bashi. Liman ya ce wadda uzuri ya hana ba ta da tarar jinkiri. Wadda ta samu lafiya ta yi sakaci, ita ce ke ƙara mudu kan kowane kwana. Wadda ta mance lissafi ta rama har ta tabbata ta biya. Ya shawarce su da ramuwa lokacin ɗari, da rana ke da gajarta, kuma kowace ta rubuta kwanakinta cikin littafinta.