Ƙa'idar Labari da Haƙƙin Rai: Nazarin Wasan Talabijin na "Tuvix"



Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa. Tun a 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki wani yaro aka kai shi yawo sararin samaniya. Irin wannan labari sharaɗinsa ɗaya ne da na tatsuniya. Yaran da ke sauraron kakarsu a Mashi ko Daura ba su musu in ta ce Gizo ya yi magana da zaki, amma in ta kashe shi a farko, sa'an nan ya bayyana a ƙarshe ba dalili, nan take za su tsai da ita. Watau mai labari yana da ikon kafa ƙa'idarsa, sai dai wajibi ne ya kiyaye ta.

Da wannan ma'auni za a duba wani kashi na wasan talabijin na Amurka, Star Trek: Voyager, mai suna "Tuvix", wanda aka fara nunawa a 1996. Wani jirgin sararin samaniya ne ya ɓace nesa da gida, tafiyar shekara 75. A cikinsa akwai na'urar da ke narkar da jikin mutum, ta aika da shi wani wuri, ta sake haɗa shi. Ran nan aka aiko da mutum biyu tare, Tuvok shugaban tsaro da Neelix mai dafa abinci, suna ɗauke da wani fure. Furen ya rikita aikin na'urar, sai mutum ɗaya ya fito maimakon biyu. Ya kira kansa Tuvix. Ya yi makonni yana aiki, ya yi abokai. Da aka gano hanyar raba shi don a dawo da mutanen biyu, sai ya ce shi ba ya son mutuwa. Shugabar jirgin, Kyaftin Janeway, ta yanke hukuncin a raba shi. Likitan jirgin ya ƙi, don ba zai cutar da wanda bai yarda ba. Ita da kanta ta zartar.

Matsala ta fari ta shafi tsarin labarin. A wani kashi na Star Trek na 1993 an riga an nuna irin wannan na'ura ta mai da hafsa Riker mutum biyu, kowannensu rayayye. Lalle haɗari ne ya jawo haka, amma tun da ya taɓa faruwa, kamata ya yi wani masani a jirgin ya tambaya ko za a iya kwafe Tuvix kafin a raba shi. Ba wanda ya tayar da zancen. Marubutan sun rufe ƙofar da aka riga aka buɗe, domin su tilasta wa Kyaftin zaɓi tsakanin rai ɗaya da rayuka biyu.

Matsala ta biyu ta ɗa'a ce. Hujjar Janeway ba ta banza ba ce: biyu sun fi ɗaya yawa, kuma Tuvok da Neelix ba su da bakin kare kansu. Amma fa Tuvix bai aikata laifin kome ba. Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna makamancin wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin jirgin ruwa da ke shirin nutsewa a littafinsa Al-Mustasfa, ya nuna bai halatta a jefa mutum ɗaya cikin ruwa don sauran su tsira ba. Yawan masu amfana ba ya halatta jinin marar laifi. Abin da ya fi tayar da hankali kuwa shi ne, sa'ad da Tuvix ya roƙi abokan aikinsa su cece shi, kowa ya yi gum.

Matsalolin nan biyu a haɗe suke. Hukuncin Janeway bai samu ƙafar tsayawa ba sai don an ce babu wata hanya, alhali kuwa ba a bincika ba. Wannan kalma ta "babu makawa" sananniya ce a ofisoshi. Ma'aikacin da aka kawo wa fayil a sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ce masa dole gonar mutum ɗaya ta tafi don amfanin jama'a, yana tsaye ne inda ma'aikatan jirgin nan suka tsaya. Mai yiwuwa ne maganar gaskiya ce. Amma kafin ya sa hannu, haƙƙi ne a kansa ya tambaya: wace hanya aka gwada, wa ya gwada ta, kuma an saurari mai gonar?

A duk cikin jirgin, likita kaɗai ya ƙi, shi kuwa a labarin ba ɗan Adam ba ne, hoto ne da kwamfuta ke sarrafawa. Wannan abin lura ne ga duk wanda Allah ya ba alƙalami da hatimi.