JAWABIN KWAMITIN MOTA A BABBAN TARON ƘUNGIYA





Kun ɗora mana nauyin mu bincika abin da ya kwantar da motar ƙungiya, mu kawo muku shawara kafin a taɓa ko dala guda cikin asusu. Ga abin da munka samo.

Motarmu Toyota Hilux ce mai shan gazuwal, ƙirar 2006, wadda ƴan'uwanmu mazauna Abijan sunka haɗa kuɗɗi sunka aiko. Ita ke kai mata masu naƙuda asibiti cikin dare, ita ke fid da hatsi kasuwa. Injinta lafiya lau yake. Abin da ya mutu shi ne bwat, wato akwatin da ke canza bitas. Tamu otomatik ce mai bitas 4, ƙirar kamfanin Aisin, daga dangin da ake ce ma A340.

Ya kamata kowa shi fahimci yadda take aiki, don a nan maganar take. Bwat ta hannu tana da ambiriyaji, direba ke taka shi. Otomatik kuwa mai ne ke yi mata komi. Tsakanin inji da bwat akwai wata tukunyar ƙarfe cike da jan mai, makanikai na ce mata konbertisar. Inji na juya man, man kuma na juya bwat. Man nan shi ke matsa fayafayan da ke canza bitas, shi ke sa musu santsi, shi ke kwashe zafi ya kai radiyata. Yana son zafin da bai wuce digiri 80 ko 90 ba. In ya kai 120 ya daɗe a nan, sai ya fara ƙonewa, robobi su bushe, fayafayai su cinye.

Bisa gudoro konbertisar na kullewa, zafi kaɗan take yi. Cikin rairayi da kaya niƙi-niƙi ba ta kullewa, man sai markaɗa yake. To ku dubi hanyarmu: daga gari har bakin gudoro rairayi ne, ga gulbi, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 cikin inuwa. Da makaniki ya kwance kwanon ƙasa a gabanmu, man ya yi baƙi yana warin ƙuna, maganaɗisun da ke ciki ya tara garin ƙarfe. Ke nan zafi ya kashe ta. Duk bwat ɗin da munka sa, in ba mu yi maganin zafin ba, ita ma haka za ta ƙare.

Hanyoyi ukku ke gabanmu.

Ta farko, a buɗe wagga a gyara. Ana canza fayafayai da robobi da rariyar mai, a wanke sauran. Aiki ne mai son tsabta ƙwarai, ƙwayar rairayi guda na iya toshe hanyar mai. Masu yin shi da kyau kaɗan ne, kuma kayan sai an yi odarsu. Tun da ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe, babu mai faɗa mana iyakar kuɗɗin sai an buɗe.

Ta biyu, a sayo tsohuwar bwat irin tamu wadda anka ciro daga wata mota. Ana samu a Maradi, a Katako ta Yamai, da Ƙofar Ruwa ta Kano. Rufe iyakoki da anka yi a 2023 ya sa kayan da ke zuwa ta Kwatano sun yi wuya sun yi tsada. Iyakar Najeriya an buɗe ta a watan Maris na 2024, shi ya sa munka fi duba wajen Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Ta ukku, a fid da otomatik ɗin ɗungum a sa ta hannu mai bitas 5, irin R151F da ke cikin Hilux masu gazuwal. Da yawa cikinku wannan kuke so, kuma kuna da hujja: kowane makaniki ya san ta, tana da juriya, in batir ya yi rauni ana tura mota ta tashi. Amma ba bwat kaɗai ake saye ba. Sai da ambiriyaji duka, da faifan inji da yake kamawa, da fedal da famfunansa, da ƙaramin akwatin kat-kat wanda ya dace, wani lokaci har kardan. Sannan motarmu tana da kwamfuta mai magana da bwat. In an fid da otomatik sai an canza kwamfutar ko an taɓa wayoyi, in aikin bai yi kyau ba za mu gaji wata cuta sabuwa. Ita ce mafi tsada cikin ukkun, ita ce kuma mafi cin lokaci.

Shawarar kwamiti ita ce hanya ta biyu. Kuɗɗin da ke asusu za su iya ɗaukarta in an yi ɗan karo-karo, kuma mota za ta tashi kafin ruwa shi sauka. Ranar da Allah ya hore mana canza mota, sai mu nemi mai bwat ta hannu tun daga asali. Ma'aji zai karanto muku farashin kowace hanya bayan wanga jawabi.

Amma araha ba ta ado. Mun yarda da hanya ta biyu bisa sharuɗɗa biyar:

1. Lambar bwat ta zamo daidai da wadda ke rubuce a farantin motarmu. Harafin F a ƙarshen lamba na nufin mai kat-kat. Ta motar esansi ba ta yi, ko da sun yi kama a ido.

2. A kwance kwanon ƙasa a gaban wakilanmu kafin a biya. In man ya yi baƙi, ko akwai ɓarɓashin ƙarfe, ko ya yi kamar an zuba madara, wato ruwa ya shiga, a bar musu abinsu. A kuma rubuta takarda cewa in ba ta yi aiki ba za a musanya.

3. A zo da ita tare da tata konbertisar. Tamu cike take da garin ƙarfe. Wajen ɗaurawa sai konbertisar ta zauna sarai cikin famfon mai kafin a ɗaure noti, in an matsa ta da ƙarfi famfon karyewa yake tun mota ba ta motsa ba.

4. A wanke bututun mai tas, a canza radiyata. Dattin tsohuwar bwat na nan maƙale ciki, yana jiran sabuwar.

5. A ƙara ƙaramar radiyata ta man bwat a gaban babbar, da agogon zafi a gaban direba. Kuɗɗinsu bai taka kara ya karya ba in an gwada da na bwat, kuma su ne maganin ainihin cutar.

Bayan haka muna roƙon taro shi amince da dokoki, don mota ta kowa ce, kuma kowa na da hannu wajen kiyaye ta.

Kayan da anka ƙayyade ma wagga mota bai wuce tan 1 ba, har da mutanen da ke ciki. Buhu 10 na hatsi mai kilo 100 sun riga sun cika tan. Muna ba da shawarar buhu 7 ranar kasuwa. Wanda nasa bai shiga ba shi yi haƙuri da sawu na biyu, kada shi ga laifin direba.

Cikin rairayi mai zurfi direba shi sa L4, shi riƙe bitas 2 ko 3, kada shi bar ta a D. In ta kafe, a sauka a tona, a rage iskar taya, a sa itace. Dannan wuta gaba da baya na dafa mai cikin ƴan mintoci. In agogo ya hau, a tsaya a bar inji na aiki har shi sauko.

Kowace Juma'a a auna mai, mota na da ɗumi, inji na aiki, tana tsaye wuri mai daidai. Irin man da ke rubuce bisa sandar awo shi kaɗai za a zuba. A yi bidanji kowane kilomita 40.000, a rubuta cikin littafin mota.

In ta lalace a daji, kada a ja ta da igiya sai an kwance kardan na baya, don in inji ba ya aiki famfo ba ya kai mai.

Iyayenmu, damana ta gabato. In gulbi ya kawo, mai naƙuda ba ta jiran a gama gardama, amalanke kuwa kun san awa nawa take ci kafin ta kai gudoro. Muna roƙo a yanke shawara yau, a naɗa mutum biyu da za su raka makaniki.

 Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kiyaye matafiyanmu.