Hanyar Ruwa Ba Ta Son Gaggawa

Yau zan yi muku magana a kan tafiya a jirgin ruwa.

Wani zai ce, “Mu nan Jushi, me ya haɗa mu da jirgin ruwa? Mu ba Kabawa ba ne, ba kuma Nufawa ba.” Gaskiya ne. Amma ku dubi Kubanni, wanda ya biyo ta Samaru, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada. Ina ya nufa? Galma yake faɗawa. Galma ya faɗa kogin Kaduna. Kogin Kaduna kuwa ya yi ta tafiya har ya faɗa Kwara, daura da garin Patigi. Ashe ruwan da ya wuce ta gonakinmu, shi ne yake ɗaukar jirage a can.

Ban da wannan, Sabon Garin nan namu ma ya ci albarkacin ruwa. Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Zariya da Kano a 1911 daga Baro ta taso, a bakin Kwara. Ƙarafanta kuwa a jirgin ruwa aka kawo su Baro. Jirgin ƙasa ya zo, Sabon Gari ya kafu. Kuma mu mutane ne matafiya. Fatauci, ko ci-rani, ko bikin dangi ya kan kai mu Yawuri, ko Lakwaja, ko wani gari na bakin gulbi. Wata rana dole mu shiga jirgin fito.

To, bari mu fara duba yadda waɗansu suke yin tasu tafiyar. A Ingila akwai hanyoyin ruwa waɗanda ba koguna ba ne. Mutane ne suka haƙa su da hannu, kamar babbar lambatu, suka jawo ruwa ya cika su. Wata shahararriya a cikinsu an buɗe ta a 1761, don kai kwal birnin Mancesta. Kwal shi ne gawayin da ake haƙowa daga ƙasa. Da aka buɗe hanyar, sai kuɗinsa ya ragu da kusan rabi. Me ya sa? Don ruwa yana rage nauyin kaya. Doki ɗaya, yana tafe a bakin hanya da igiya, ya kan ja jirgi mai kayan tan 30. Watau kamar manyan buhunan masara 300 ke nan.

Jiragen nan siriri ne. Faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, tsawonsu kuwa ya kan kai ƙafa 70. Ga dalili. Kun san ruwa ba ya hawa tudu. Saboda haka suka gina wani abu kamar ɗaki marar rufi a tsakiyar hanya, da ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. A buɗe 'yar kafa, ruwan tudu ya kwararo ciki. Ruwa na cika, jirgi na tashi, har ya yi daidai da ruwan gaba. Sa'an nan a buɗe ƙofar gaba, ya wuce. Da yawa cikin ɗakunan nan faɗinsu ƙafa 7 ne kawai. Shi ya sa aka yi jiragen daidai da su.

Yanzu inji ya gaji doki, kaya kuma sun koma mota da jirgin ƙasa. Amma hanyoyin suna nan, wajen mil 2,000. Mutane suna yawon hutu a kansu, suna ratsa gonaki da ƙauyuka. Waɗansu ma a jirgin suke zaune, shi ne gidansu. Abin da nake so ku riƙe shi ne dokarsu. A yawancin hanyoyin, ba a wuce mil 4 a awa guda, kamar mai tafiya a ƙasa in ya ɗan ɗaga ƙafa. Kowane jirgi sai da lasin. Kowace shekara 4 kuma sai an duba lafiyarsa. Ga shi ruwan nasu ba zurfi sosai, ba shi kuma da gudu.

To, ina ga namu, kogi mai zurfi da ƙarfi? Ku ji abin da gaggawa ta jawo mana.

A watan Mayu na 2021, jirgi ya nutse a Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi. Fiye da mutum 150 ke ciki. Wajen 20 aka ceto. A Nuwamba ta wannan shekara, wani ya kife a dam ɗin Watari, a Bagwai ta Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. A Yuni 2023, a yankin Patigi, inda ruwanmu yake zuwa, fiye da mutum 100 suka halaka. Daga biki suke komowa, cikin dare.

Ajali yana nan, ba mai musu. Amma rigakafi ya fi magani. In ka duba irin wannan hatsari, sai ka ga abu uku suna ta komowa: lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar.

Saboda haka in kun je mafita, ku tuna da abu biyar.

Na ɗaya, ku dubi bakin jirgi. In ya kusa taɓa ruwa, ya cika, kada ku shiga.

Na biyu, ku dubi cikinsa. In ana ta kwarfe ruwa tun ba a tashi ba, yoyo yake yi.

Na uku, in rana ta faɗi, ku kwana. Da dare mai jirgi ba ya ganin kututturen da ke cikin ruwa.

Na huɗu, ku nemi rigar ruwa, ku ɗaure ta sosai. Ku fara sa wa yara.

Na biyar, ku zauna inda aka ajiye ku. In jirgi ya girgiza, kada ku taso gaba ɗaya ku koma gefe guda.

Mai wuyar ciki shi ne na farko. Mai jirgi zai ce, “Shigo, malam, akwai wuri.” Abokan tafiya za su ce kana ɓata musu lokaci. Kada kunya ta sa ka shiga. Ka ce masa, “Ka yi haƙuri, zan jira na gaba.” Kuɗin fito kaɗan ne, kwana ɗaya a bakin gulbi ba komai ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

In kun koma gida, ku gaya wa waɗanda ba su zo ba. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.