KOKAWAR TURAWA: WA KE DA IKON BA DA LABARIN?

(Jawabin da aka gabatar a daren muhawara na Ƙungiyar Ɗalibai)



Mun sani sarai akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ga an sa kokawar Turawa, watau resilin, a cikin jerin abubuwan da za a tattauna a wannan zaure. Suna cewa, wane ne zai ɓata darensa a kan wasan da kowa ya san shiri ne? Gaskiyarsu, shiri ne. Masu abin ma sun faɗa da bakinsu a shekarar 1989, sa'ad da kamfanin WWF ya gaya wa Majalisar Dattawa ta Jihar New Jersey a Amurka cewa abin da suke yi nishaɗi ne kurum, domin a fitar da su daga ƙarƙashin hukumar wasanni da kuɗaɗen da take karɓa. Saboda haka yau ba za mu tsaya a kan wannan tsohuwar gardama ba. Abin da ya kawo mu shi ne gardamar da masu kallo suke yi har gobe a kan finafinan tarihi da aka yi game da wannan sana'a, domin a cikinsu ne ake ganin yadda mai kuɗi da ma'aikacinsa suke kokawa a kan wa za a gaskata.

Bari mu fara da gabar da ta fi kowace tayar da jijiyar wuya, watau ta Bret Hart da Shawn Michaels.

Bret Hart mutumin Calgary ne a ƙasar Kanada, ya gaji sana'ar daga mahaifinsa Stu Hart, kuma tun 1984 yake aiki da WWF. Ran 31 ga Maris 1996 aka shirya musu karon awa guda cur da Michaels, aka ba Michaels nasara. Daga nan gabar da aka rubuta a takarda ta fara zama ta gaske, har a watan Yuni 1997 suka ba hammata iska a ɗakin sa tufafi, inda babu ɗan kallo ko ɗaya. A ƙarshen 1996 Hart ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 da mai kamfanin, Vince McMahon. Shekara ba ta cika ba McMahon ya ce masa aljihu ya yi rauni, ya nemi wuri a kamfanin WCW, abokin gasarsu. To, a lokacin ɗamarar zakara tana ƙugun Hart. McMahon ya ce lalle ya sauke ta a hannun Michaels a birnin Montreal ran 9 ga Nuwamba 1997. Hart ya ce ko wa aka ga dama zai faɗi a hannunsa, amma ban da Michaels a gaban mutanen ƙasarsa. Ya kuma kafa hujja da wani sharaɗi a cikin takardarsa, wanda ya ba shi ta cewa a kan yadda za a yi da shi a kwana 30 na ƙarshen aikinsa.

Aka rabu a kan za a tashi wasan babu wanda ya ci. Da dare ya yi, Michaels ya ɗaure ƙafafun Hart da irin kamun da aka san Hart da shi, sai alƙalin wasa Earl Hebner ya sa aka kaɗa ƙararrawa, alhali Hart bai ce ya sallama ba. McMahon yana tsaye a gefen fage, shi ya ba da umurnin. Hart ya tofa masa yawu a fuska a gaban jama'a, sa'an nan a ɗaki ya kai masa naushi.

Da a ce abin ya tsaya nan, da sai dai a ce wane ya ce, wane ya ce. Amma Allah ya sa wani mai ɗaukar fim ɗan Kanada, Paul Jay, ya kusa shekara yana bin Hart da kyamara. A ranar, akwai makirufo a jikin Hart lokacin da ya shiga ganawa da McMahon, saboda haka muryar McMahon tana amincewa da tashi babu nasara ta shiga faifai. Fim ɗin, mai suna Hitman Hart: Wrestling with Shadows, ya fito a 1998. Mu a ganinmu shi ne mafi daraja a cikin duk finafinan nan, domin shi kaɗai ne ya kama alkawari tun kafin a karya shi. Waɗanda ke aikin ofis a cikinmu sun san bambancin da ke tsakanin abin da aka faɗa a baki da abin da ya shiga fayil.

Duk da haka masu kallo ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Masu goyon bayan McMahon suna da hujja mai nauyi, bai kamata mu raina ta ba. Suna tuna mana cewa a watan Disamba 1995 zakarar mata ta WWF, Alundra Blayze, ta koma WCW, ta jefa ɗamararta cikin kwandon shara ana kallo a talabijin. Suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu; ɗamara ta kamfani ce, aro aka ba Hart, kuma al'adar sana'ar ita ce mai tafiya ya faɗi kafin ya fita. Masu goyon bayan Hart suka ce in haka ne, me ya hana a gaya masa ƙiri-ƙiri? Me ya kawo yaudara ga mutumin da ya yi shekara 13 yana ba da jikinsa? Mu dai muna tare da waɗannan na biyu. Mai yiwuwa Hart ya cika ɗaukar kansa da muhimmanci, fim ɗin ma bai ɓoye wannan ba. Amma sharaɗin nan na kwana 30, McMahon ne ya sa masa hannu, ba wanda ya tilasta shi.

Akwai kuma kashi na uku, masu cewa duka abin shiri ne, har da yawun da naushin. Waɗannan ba a iya gamsar da su, domin duk hujjar da aka kawo sai su ce ai ita ma cikin shirin take. Abin da ke ƙarfafa musu guiwa shi ne irin ribar da McMahon ya ci. Jama'a suka tsane shi, sai ya mai da tsanar jari, ya shiga wasan da kansa a matsayin azzalumin maigida, ya ƙulla gaba da Steve Austin a 1998. Wannan gaba ce ta taimaka wajen kawo ƙarshen mako 83 da WCW ta yi tana gaba da su a yawan masu kallo. A watan Maris 2001 McMahon ya saye WCW ɗungurungum.

Nan ne fa maganar take, jama'a. Da ya saye kamfanin, ya saye da ɗakin ajiyar faya-fayensa, daga baya kuma ya yi ta sayen na sauran kamfanonin da suka mutu. Saboda haka duk mai son ya ba da tarihin resilin a Amurka da hoto, galibi sai ya bi ta ƙofar kamfani ɗaya. Kakanninmu sun san irin wannan a zamanin majigi, sa'ad da motar gwamnati kan zo dandali da dare ta haska fim. Ana ƙaruwa da shi ƙwarai, amma mai motar ne kan zaɓi abin da za a gani. Kamfanin, wanda ya koma WWE a 2002, ya yi finafinan tarihi masu yawa, masu kyaun aiki kuwa, sai dai a kowane ɗaya mai nasara ne ke magana. A 2005 suka fitar da faifai sukutum don ɓata sunan Ultimate Warrior, lokacin suna gaba da shi. Da aka shirya a 2014, aka karrama shi, ya rasu bayan 'yan kwanaki, sai ga sabon fim yana yabonsa. Mutum ɗaya, kamfani ɗaya, labari biyu.

Hatta karon da aka fi tunawa, na Hulk Hogan da André the Giant a Pontiac ran 29 ga Maris 1987, bai tsira ba. Aka ce mutum 93,173 suka shiga. Ɗan jarida Dave Meltzer ya daɗe yana cewa ba su wuce wajen 78,000 ba, ana kuma ta ja-in-ja a kan haka. Aka ce ba a taɓa ɗaga André an maka da ƙasa ba sai ranar, alhali Hogan ɗin kansa ya yi haka a New York a 1980. Wannan ƙaryar ba ta cuci kowa ba, kirari ne irin na ɗan kokawa a fage, mu wuce ta.

Wadda ta fi damunmu ita ce ta jikin ɗan Adam. A 1999 Barry Blaustein ya fitar da Beyond the Mat. A ciki akwai karon Mick Foley da The Rock na watan Janairu na shekarar, inda aka ɗaure hannuwan Foley ta baya da ankwa, aka buga masa kujerar ƙarfe a ka har sau 11. Kyamarar kamfani tana kan fage. Kyamarar Blaustein kuwa tana kan matar Foley da ƙananan 'ya'yansa biyu a sahun gaba, suna kururuwa, har uwar ta kwashe su ta fita. Daga baya aka nuna wa Foley hoton, fuskarsa ta canja. Wanda duk ya kalli wannan wuri, da wuya ya sake cewa abin ƙarya ne ya yi dariya. Wanda zai ci ne aka shirya, kujerar ta ƙarfe ce. Bayan shekara takwas, a watan Yuni 2007, Chris Benoit ya kashe matarsa da ɗansa, ya kashe kansa, likitocin da suka duba ƙwaƙwalwarsa suka sami mummunan lahani irin na yawan bugu a ka. Ba mu ce wannan ya wanke shi ba. Kamfanin dai ya daina ambaton sunansa, daga baya kuma ya hana bugun kujera a ka.

A nan ya kamata mu ɗan ratse, tun da a zauren ƙungiya muke. Waɗannan ƙarti da muke gani, a takarda ba ma'aikatan kamfanin ba ne, 'yan kwangila ne masu zaman kansu, kuma ba su da ƙungiyar ƙwadago. Jesse Ventura, wanda daga baya ya zama gwamnan Jihar Minnesota, ya yi ƙoƙarin haɗa kansu a 1986, abin ya watse. Ya ce sai bayan shekaru, a wata shari'a da ya yi da kamfanin, ya gano cewa Hogan ne ya kai rahotonsa wurin maigida. Babu ɗan ƙungiyar da zai ji wannan labari ya zama baƙo a gare shi.

To, su masu fim na waje fa, tsarkaka ne? Ko kusa. Jake Roberts ya yi ƙorafi cewa Blaustein ya yaudare shi, ya tallata shaye-shayensa da ɓacin da ke tsakaninsa da 'yarsa. Shirin Dark Side of the Ring, wanda ya fara a 2019, shi ma ya raba kan masu kallo. Wasu suna yaba masa domin ya tono kisan Bruiser Brody, wanda abokin sana'arsa ya soke da wuƙa a Puerto Rico a 1988, kotu kuma ta sallami wanda ya yi sukan. Wasu suna cewa cinikin hawaye ne, kowane mako a nemo gawa. Daɗin daɗawa, shaidun da ake kira mutane ne da suka yi rayuwarsu suna sayar da labari. A kashin da shirin ya yi kan Montreal, Jim Cornette da Vince Russo kowannensu ya ce shi ya kawo dabarar yaudarar. Ka ji mutum biyu suna rigima a kan wa ya fi cancanta a kira shi maci amana! Haka kuma da Netflix ta fitar da Mr. McMahon a watan Satumba 2024, bayan McMahon ya yi murabus a watan Janairu saboda ƙarar da wata tsohuwar ma'aikaciyarsa ta shigar, wasu suka ce an yi masa sassauci, shi kuwa ya fito ya ce an ɓata shi. Duk da waɗannan aibobi mun fi amincewa da na wajen, saboda dalili guda: suna miƙa makirufo ga waɗanda kamfani ba zai taɓa gayyata ba.

Misalin da ya fi kowane shi ne na Owen Hart, ƙanen Bret. Ran 23 ga Mayu 1999 a Kansas City, aka shirya za a zuro shi daga rufin zaure da igiya, maƙalin ya kwance, ya faɗo daga tsawon ƙafa 78, ya mutu yana da shekara 34. Aka fitar da shi, aka ci gaba da wasa a kan fagen nan. Matarsa Martha ta kai ƙara, a shekarar 2000 aka sasanta a kan dala miliyan 18, ta kafa gidauniya da sunansa. Bret da Michaels sun yi musafaha a gaban jama'a ran 4 ga Janairu 2010, masu kallo da yawa suka ce tun da babban wa ya yafe, ita ma ta bari kamfani ya karrama mijinta. Wasu har zaginta suke yi, wai ta hana su gwarzonsu. Ta ƙi. A 2020 ta zauna gaban kyamarar Dark Side of the Ring, ta fito da irin ɗan maƙalin da aka rataya ran mijinta a kansa, ta nuna yadda ɗan ja kaɗan ke buɗe shi. A 2021 ta ba wani kamfani dabam, AEW, izinin yin gasa da sunan Owen.

Shugaba, a nan za mu dakata, a ba 'yan'uwa dama su yi tambayoyi.