Talauci, Kuɗin Tallafi da Tazarar Haihuwa



Akwai zargin da ya daɗe yana yawo: wai idan gwamnati ta ba matalauciya kuɗin tallafi, za ta yi watsi da tazarar haihuwa don rabonta ya ƙaru. Shi nake so mu ɗora a kan sikeli yau.

Mu fara daga gida. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin tazara na zamani. A gidajen da suka fi talauci kashi 4 ne kacal, a mafiya wadata kuwa kusan 22. Alhali tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta. To ina gizo ke saƙa? Allurar kyauta ce, amma kuɗin babur zuwa asibiti na matar ne. Wani wurin a ce ta sayi kati da safar hannu, wani wurin ta tarar ashanar fata ta ƙare. Wadda ba ta da ko sisi na kanta sai ta jira izinin maigida da aljihunsa, kafin nan kwanika ta riga ta.

Yanzu mu leƙa waje. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta daina ƙara wa uwa tallafi idan ta haihu tana cikin karɓa, jihohi fiye da ashirin suka bi sahu. Nazarin da ya kwatanta jihohin bai ga haihuwa ta ragu yadda aka yi tsammani ba. Jarirai ne aka hana rabonsu. California ta soke irin dokar a 2016.

Meziko ta bi wata hanyar. Shirin Progresa na 1997 ya danƙa kuɗin a hannun uwa, da sharaɗin zuwa asibiti da sauraron bayanin lafiya. A shekarun farko amfani da tazara ya ƙaru tsakanin masu karɓa, haihuwa kuma ba ta ƙaru ba. A Honduras, inda sabon ciki ke iya shigar da gida cikin shirin ko ƙara masa kaso, nan ne aka ga haihuwa ta ɗan ƙaru.

Ashe tsarin rabon ne ke magana. Shirinmu na tallafi da aka fara a 2016 da Naira 5,000 a wata ya yi daidai da ya zaɓi mata su karɓa. Abin da ya rage: kada kason gida ya rataya a kan sabon ciki, kada kuma a hukunta jariri. A kawo ma'aikaciyar lafiya wurin biyan, da kayanta cikakku, a gayyato mazaje da limamai su ji bayanin, sannan a bar ma'aurata su yanke shawararsu ba tilas.